Amsa kan alamomin da ke jikin jarkar sinadari

Malam, ka tambaya ko hotunan nan na jikin jarkar maganin feshi da ake sayarwa a kasuwar Sakkwato kamfani ne ke zanawa yadda ya ga dama. A'a. Tsari ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, GHS, wanda aka fara bugawa a 2003. Alamomi 9 ne, kowace cikin jan zagaye mai kusurwa huɗu. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa na nufin guba mai kisa nan take. Wuta bisa zobe kuma abu ne mai rura gobara.

Kafin a liƙa su sai an duba sakamakon gwajin da aka yi wa sinadarin. Tun 1981 ƙasashen OECD, wata ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki, suka amince cewa gwajin da aka yi bisa ƙa'ida a ɗayansu, sauran za su karɓa.

Matsalarmu ita ce sayar da tsiyaye. Da an juye magani cikin gorar ruwa, to gargaɗin ya tafi da jarkar. Dubi ƙwayar nan ta phostoxin da ake jefawa cikin buhun wake: da ta ji danshi sai ta saki iskar fosfin mai kisa, amma wasu a ɗakin kwana suke jibge buhunan. Don Allah ka sayi magani a mazubinsa na asali, ka duba lambar NAFDAC.