Sayen bargo da kuɗin zakka domin tsofaffin da ba sa fita

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 da ke Legas. Duk Disamba mukan haɗa kuɗi mu sari barguna da rigunan sanyi, mu kai wa tsofaffinmu na Agege da Idi-Araba waɗanda ciwo ya zaunar a ɗaki. Bana ina so in zuba zakkata a ciki, kuma gwaggona tana cikinsu. Ya halatta?

Amsa: Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa. Matalauta cikinsu sun cancanci zakka, babu saɓani. Gwaggonka ma haka, ladanka biyu ne, na sadaka da na zumunci. Iyaye ne ba a ba su, domin ciyar da su wajibinka ne.

Inda na tsaya shi ne sarin da kuke yi kafin ku tambaye su. Zakkar kuɗi haƙƙin talaka ce, shi zai mallake ta ya yi abin da ya ga dama. Tunda ba sa iya zuwa kasuwa, hanyar mai sauƙi ce: ka durƙusa gaban tsohuwa ka ce, "Gwaggo, ga zakka kaza taki ce, in ba ki a hannu ko in sayo miki wani abu?" Idan ta ce ka sayo, ka zama wakilinta. Wanda tsufa ya rikita kuwa, amintaccen mai jinyarsa ya karɓa masa.

Wasu za su ce Abu Hanifa ya halatta ba da ƙima, wato a nan kaya a madadin kuɗin zakka, Ibn Taimiyya ma ya yarda in akwai maslaha. Gaskiya ne. Amma maslahar wa? Ta talaka ake nufi, ba sauƙin rabo ga ƙungiya ba. Hunturun Legas bai kai na Kano ko Jos ba. Ƙura da tari da bushewar fata sun fi damun tsoho a nan. Sai ka shiga ɗaki ka tarar da bargon bara a ninke kan akwati, maganin hawan jini ya ƙare, mai gida yana jiran kuɗin haya. Ka ƙara mata bargo ka ce zakka ta fita? Ban gamsu ba. Kuɗin mota da na buhuna ma su fito daga sadakar ƙungiya, a nan kuwa ku sayi abin da kuka so.

Sai gargaɗi biyu. Kada ku bar wa tsoho kaskon gawayi a ɗaki a rufe, iskarsa tana kashe mai barci ba tare da ya ji ba. Kuma ku daina ɗaukar hotonsu kuna sawa a Facebook. Masu mutunci ne, rashi ne ya same su. Gwaggonka kuwa, kada ka jira Disamba, ka riƙa leƙa ta kowace Juma'a.

Allah ne mafi sani.