Zakaran da mahaifiyata ta bar mini ya haɗa ni faɗa da maƙwabciyata

Assalamu alaikum Anti, ina yi miki fatan alheri tare da duk masu bibiyar wannan shafi. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, an haife ni a cikin birnin Zariya, a gidan da kiwon kaji ya zama tamkar gado. Shekara biyu ke nan da maigidana ya kama mana haya a ɗaya daga cikin sababbin rukunin gidaje da ke bayan garin Kaduna, irin gidajen nan da katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci. Da muka tare na taho da kajina, yanzu ina da kaji tara da zakaru biyu. Babban cikinsu jan zakara ne da marigayiya mahaifiyata ta ba ni tun yana ɗan tsako, watanni kaɗan kafin rasuwarta, saboda haka ba kallon kaza kawai nake yi masa ba.

Akurkin yana bayan gida jingine da katanga, ashe tagar ɗakin kwanan maƙwabciyata tana daidai wurin. Ma'aikaciyar jinya ce da ke yin aikin dare a wasu makonni, ga kuma goyon jariri ɗan wata biyar. Wata rana ta shigo ta gaya mini cewa zakaruna suna fara cara tun wajen ƙarfe uku na dare, suna tayar mata da yaro, kuma ranar da ta dawo daga aiki da safe ba sa barin ta ta runtsa. Ni kuwa na ce mata tun zamanin kakanni zakara ke tayar da mutane sallar asuba, ban taɓa jin wanda ya kai ƙararsa ba. Ta fita ranta a ɓace.

Bayan mako guda sai mijinta ya rubuta a zauren WhatsApp na mazauna unguwar cewa wasu sun mayar da unguwa ƙauye. Bai kama suna ba, amma kowa ya san da wa yake. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, musamman da yake janaretansu yakan kai sha biyun dare yana ruri kusa da tagarmu, ban taɓa ɗaga kai na ce musu komai ba. Maigidana ya ce a yanka zakarun a huta, ni kuwa da na ji haka sai da na yi kuka. Yanzu ko gaisuwa ba ma yi da ita, na kuma hana yarana shiga gidanta. Anti, ni ce da laifi? Kuma akwai hanyar da zan riƙe zakarana ba tare da wannan gaba ba?

Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya sa Aljanna ce makomarta. Na fahimci abin da ya sa ki kuka, domin duk abin da hannun uwa ya miƙa wa ɗiyarta a ƙarshen rayuwarta yana da wuyar rabuwa. Duk da haka zan gaya miki gaskiya: a kan maganar barci maƙwabciyarki ce ke da hakki, kuma amsar da kika ba ta ranar da ta tako har cikin gidanki ita ce ta hura wutar. Mijinta bai kyauta ba da ya kai maganar gaban jama'a, amma ya yi haka ne bayan matarsa ta bi hanyar mutunci an mayar da ita hannu rabbana.

Abin da kika faɗa game da zakara yana da tushe, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane sallah. Sai dai shi ne kuma ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sanya shi cikin magada, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Matar nan ba zagin zakara ta zo yi ba, barcin jaririnta da nata ta zo roƙo, kuma ma'aikaciyar jinyar da ba ta sami barci ba marasa lafiya za ta je ta duba. Ki kuma tuna cewa gidanku na Zariya yana da faɗin tsakar gida da katangar ƙasa mai kauri, kuma kusan kowane gida a unguwar yana da kajinsa, ba kamar gidan bulo da zakara ke cara taku uku daga matashin kan mutum ba.

Yana da kyau ki san yadda carar take, don kada ki wahalar da kanki wajen neman hana abin da ba ya hanuwa. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun nuna cewa zakara yana da wani agogo a cikin jikinsa da ke sa shi cara kimanin awa biyu kafin gari ya waye, ko da an tsare shi a ɗakin da haskensa ba ya sauyawa. Wannan carar ba horon da zai kawar da ita. Amma sun kuma gano cewa haske da jin carar wani zakara suna ƙara tunzura shi, kuma a 2015 suka nuna cewa babban zakara ne ke buɗe baki, sauran su biyo baya. Kin ga ke nan naki guda biyu amsa wa juna suke yi, kuma idan akwai fitilar tsaro ko ta sola da ke haska akurkin cikin dare, ita ma tana cikin abin da ke tashinsu tun ƙarfe uku.

Saboda haka ki fara rabuwa da ƙaramin zakaran, ki sayar ko ki yanka wa iyali, domin zakara ɗaya ya ishi kaji tara. Sannan ki ɗauke akurkin daga jikin katangar ki mayar da shi ɓangaren gidan da ya fi nisa da tagar kowa. Da magariba ki sa jan zakaran a keji nasa shi kaɗai, ki lulluɓe da buhu ko tsohuwar tabarma yadda haske ba zai shiga ba, kada ki sake shi sai wajen ƙarfe bakwai na safe. Ki tabbatar kin bar kafar shigar iska, musamman da bazara, domin zafi yana kashe kaza cikin dare ɗaya. Akwai wani abin wuya da ake ɗaura wa zakara don rage masa murya, amma ban yarda ki gwada shi ba, saboda idan ya matse yana iya shaƙe shi ko ya hana shi haɗiyar abinci.

Kafin ki taɓa akurkin ma, ki fara shiga gidanta. Ki zuba ƙwai a kwano ki tafi da shi, ki gaishe ta, ki tambayi lafiyar jariri, ki ba ta haƙuri a kan amsar da kika ba ta, sannan ki gaya mata asalin zakaran, domin ina kyautata zaton ba ta san na mahaifiyarki ba ne. Ki nemi ta ba ki mako biyu, kuma ita ce za ta faɗa miki ko an sami sauƙi. Kada ki kawo zancen janareta a wannan zama, don kada ban-haƙurinki ya koma ramuwa. Kina da hakki a kansa, amma ki bari sai an shirya, maigidanki ya yi wa mijinta magana su biyu a kan lokacin kashe shi. Ki kuma janye hanin da kika yi wa yara tun yau, domin babu ruwansu a ciki.

Idan mako biyun suka cika ta ce har yanzu ba ta samun barci, to ki haƙura da zamansa a gidan, tun kafin magana ta kai ga mai gidan hayar ko mai unguwa. Ba sai an yanka shi ba. Ki roƙi maigidanki a kai shi gidanku na Zariya, inda carar tasa ba za ta dami kowa ba, kuma duk lokacin da kika je gida za ki gan shi. Kajinki za su ci gaba da yin ƙwai ko babu zakara, domin amfaninsa a wajen ƙyanƙyasa ne kawai. Ranar da kike son 'yan tsaki, sai a kawo miki ƙwan kajin da yake tare da su a can, ki sa wa kazarki mai kwanci, cikin kwana 21 ta ƙyanƙyashe miki jininsa. Matan ki riƙe, mazan kuwa ki fitar da su kafin su kai wata huɗu ko biyar, lokacin da suke fara gwada murya.

Anti