Filin Likitan Dabbobi: Idan kare ko kyanwa suka ci guba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mun ajiye shinkafar ɓera a sito, da safe muka tarar karen gadinmu ya yage ledar ya cinye kusan rabi. Na ɗura masa manja da madara. Yau kwana biyu ke nan yana ci yana haushi lafiya lau. Shin ya tsallake? Daga wani magidanci a Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Bai tsallake ba tukuna, kai shi asibitin dabbobi yau ɗin nan, kada ka jira gobe. Daga cikin shinkafar ɓeran da ake sayarwa akwai irin mai hana jini daskarewa. Duba jikin ledar, sau da yawa za ka ga an rubuta brodifacoum ko bromadiolone. Aikin gubar shi ne ta hana hanta amfani da bitamin K, wanda da shi take haɗa sinadaran da ke tsayar da jini. Jiki yana da ajiyar waɗannan sinadarai, sai ajiyar ta ƙare ciwo yake bayyana, tsakanin kwana 3 zuwa 5. Sannan ne za ka ga kasala, dasashi ya yi fari, numfashi sama-sama, haɓo, jini a fitsari ko baƙin kashi. Wani karen ma ba a ganin jinin ko ɗigo, a cikin ƙirji yake taruwa.

Maganinta bitamin K1 ne, ba K3 ba, kuma ba na kwana biyu ba ne. Ana ba da shi mako 3 zuwa 4, a cikin abinci mai ɗan maiƙo don ya fi shiga jiki. A nan masu karnuka da yawa ke asara: kare ya murmure a mako na farko, a daina magani, jini ya ɓalle a mako na biyu. Bayan an gama, likita zai gwada daskarewar jinin kwana biyu zuwa uku da tsayar da maganin. Kafin nan a ɗaure shi wuri ɗaya, babu guje-guje, babu faɗa da wasu karnuka.

Manja da madara ba sa karya guba. Mai yana ƙara wa wasu gubobin saurin shiga jini, kuma ɗura ta dole kan bi ta maƙogwaron iska ta sauka a huhu. Ruwan gishiri da ake ɗurawa don a sa amai shi kansa yana kashewa. A awa biyun farko, idan kare yana cikin hayyacinsa kuma likita ya amince ta waya, ana iya sa shi amai da ruwan wanke rauni da ake kira haidurojin faroksaid, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, mililita 1 zuwa 2 kan kowane kilo na nauyinsa, kada ya wuce mililita 45. Ba a yi wa kyanwa wannan. Ba a kuma sa amai idan abin da aka sha kananzir ne, fetur, bilic ko ruwan batir, ko idan dabbar tana jijjiga.

Akwai wani maganin ɓeran daban, baƙin gari mai warin tafarnuwa. Shi cikin 'yan awoyi yake aiki, domin da ya haɗu da ruwan ciki sai ya saki iska mai guba. Kada a ba kare abinci bayan ya ci shi, kuma idan yana amai a fitar da shi fili, yara su ja baya, saboda iskar tana cutar da mutum.

Tambaya: Likita, kyanwata ba ta cin abinci, jikinta da zafi. Zan iya ba ta rabin Panadol? Daga wata uwargida a Rikkos.

Amsa: A'a Hajiya, ko kwata kada ki ba ta. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa farasitamol, wato maganin da ke cikin Panadol, don haka ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Maganin yana lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iskar numfashi. Cikin 'yan awoyi dasashi zai koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, ta riƙa haki. Akwai makari a wurin likita, amma yana aiki ne idan an zo da wuri. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su ma suna yi wa kare da kyanwa gyambon ciki da lalata ƙoda. Ki kuma sani zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 zuwa 39, ya fi na mutum, saboda haka taɓawa da hannu ba ta nuna zazzaɓi. Kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci ba, ganin likita take buƙata.

Tambaya: Ranka ya daɗe, kaska ta addabi karnukana tun shigowar damina. Wani ya ce in zuba Sniper a ruwan wankansu, wani ya ce baƙin man mota. Wanne ya fi? Daga wani mai kiwon karnuka a Bukuru.

Amsa: Malam, duka biyun ka rabu da su. Sniper da fiya-fiya suna shiga ta fata, kare kuma yana lasar jikinsa. Saboda haɗarin Sniper ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna a 2019. Alamominsa ba sa ɓuya: dalalar yawu, hawaye, amai da zawo, tsokar jiki tana rawa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Idan an riga an shafa, sa safar hannu ta roba, ka wanke karen da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi, ka ɗauraye, ka sake. Ka tsane shi da tsumma ka lulluɓe, don sanyin Jos yana saurin kama jiƙaƙƙen kare mai rauni. Daga nan sai asibiti, inda za a yi masa allurar atirofin, makarin irin wannan guba. Ka tafi da kwalbar ko hoton takardar jikinta a waya, ka kuma tuna lokacin da abin ya faru da kimanin nauyin karen, domin da waɗannan likita zai auna magani. Daga Bukuru, Vom ba nisa, can Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take, Jami'ar Jos ma tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Maganin kaska na karnuka yana nan a shagunan magungunan dabbobi, amma a bi ma'aunin da ke jikin kwalba da sirinji, ba da murfi ko kintace ba. Idan akwai kyanwa a gidan, kada a ɗiga mata na kare. Mai ɗauke da permethrin yana jefa ta cikin karkarwa da farfaɗiya, ko da gogar jikin karen da aka shafa wa kawai ta yi.

Tambaya: Ragowar abincinmu muke ba kare. Akwai matsala? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

Amsa: 'Yata, tuwo da nama ba laifi, albasa da tafarnuwa ne matsalar, ɗanye ko dafaffe. Suna fasa jajayen ƙwayoyin jini a hankali, sai bayan kwanaki a ga dasashi fari da fitsari ja. Ki tsince albasar tsire da ta miya kafin ki zuba masa. Inabi da zabibi suna iya tsayar da ƙodar kare. Cakulan da goro suna sa bugun zuciya da karkarwa, don haka farantin goron baƙi a ɗaga shi daga tabarma idan akwai ɗan kwikwiyo a tsakar gida.