Amsa kan Salah da tsallen Ronaldo

Malam ka tambaya wai me ya sa muke ce wa Mohamed Salah "Barka da Sallah" amma muna zagin tsallen Siuu da Cristiano Ronaldo ke yi na murnar cin ƙwallo. Sunan dai wasa ne na gidan ƙwallo, in Salah ya ci sai ka ji Tudun Wada ta ɗauka kamar an ga wata. Amma gaskiya ana yi wa Ronaldo rashin adalci wallahi, mutum ya sha gudu ya ci ƙwallo kuma a ce kar ya yi murna? Shi kansa Salah ai ba kullum yake sujada in ya ci ƙwallo ba, a 2020 da ya ci Man United a Anfield, filin wasan Liverpool, cire riga ya yi har alƙali ya ba shi katin gargaɗi. Ni wanda ba na so kawai shi ne zuwa gaban 'yan kallon abokan hamayya ana tsokanarsu.