Tambaya da Amsa: Me Ke Gaggauta Halakar Fositiron a Cikin Iskar Gas?

Tambaya: Malam, an koya mana a darasin fiziks cewa idan fositiron ya gamu da elektaron sai su halaka juna, amma na ji an ce a cikin wasu iskoki abin yakan faru da sauri fiye da yadda lissafi ya nuna. Mene ne dalili? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malaminku bai yi kuskure ba. Fositiron, wanda Carl Anderson ya gano a Amurka a 1932, nauyinsa ɗaya da na elektaron, cajinsa ne kawai kishiya. Idan suka gamu, galibi sukan rikiɗe su zama ɗigo biyu na hasken gamma (wani haske mai ƙarfi sosai da ido ba ya gani), kowanne da ƙarfin kilo-elektaron-bolt 511, su tashi ɗaya gabas ɗaya yamma. Wannan hasken ne na'urar hoton PET take kamawa a asibiti.

Inda gizo ke saƙar shi ne a manyan molekul, wato dunƙulen ƙwayoyin zarra da suka haɗu da juna. Da a ce yawan elektaron kaɗai ke hukunta saurin halakar, to butan, wanda yake cikin tukunyar gas ɗin girkinmu, elektaron 34 kawai yake da su, amma a ɗumin ɗaki fositiron yakan halaka a cikinsa kamar yana gaban elektaron fiye da dubu goma. Tun shekarun 1960 masana suka lura da wannan, suka daɗe suna neman bakin zaren.

Bayanin da ya fi gamsarwa ya fito ne daga gwaje-gwajen Clifford Surko da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, da kuma lissafin Gleb Gribakin na Belfast. Fositiron mai tafiya a hankali yana jawo gajimaren elektaron na molekul zuwa gare shi, ko da yake cibiyoyin ƙwayoyin zarra suna ture shi. Idan ƙarfin da ya zo da shi ya dace, sai ya miƙa shi ga molekul ɗin, mahaɗan kabon da haidurojin su shiga rawa, shi kuma ya rasa kuzarin guduwa, ya manne na ɗan lokaci. Baƙon da ya zauna a zaure ya fi mai wucewa ta ƙofar gida damar gamuwa da mai gidan. Shi ya sa, a jerin dangin butan, gwargwadon tsawon molekul, gwargwadon ƙarfin riƙonsa da saurin halakar fositiron a kansa.