Kafin in danna, babur ya wuce: wace kyamara zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Bayan kaka samarinmu kan yi tseren babura a filin bayan gari, kuma suna so in riƙa ɗaukarsu. Da waya nake yi, amma duk hoton da na duba sai ƙura, babur ya riga ya fice. Na tara 'yan kuɗi zan sayi DSLR ta hannu, wato kyamara mai madubi a ciki wadda ake canza wa gilashi. Mai megafiksel nawa zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ajiye maganar megafiksel (yawan ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) tukuna, ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke cutarka jinkiri ne. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In kyamara ta makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ka danna, ya yi gaba da kusan mita biyu.

Yawancin wannan jinkiri wajen neman fokas yake tafiya, wato daidaita gilashi don abin da ake ɗauka ya fito tas. DSLR tana da na'urar fokas ta musamman a ƙarƙashin madubinta, kuma sai ka kafa ido a 'yar tagar leƙawa take aiki. In ka riƙe ta nesa da fuska kana kallon allo kamar waya, tsofaffin DSLR nawa suke yi ƙwarai. Don haka sa ido a taga, ka zaɓi fokas mai bin abu: AI Servo a Canon, AF-C a Nikon. Tun babur yana nesa ka danna maɓallin rabi ka riƙe, kana binsa, sai ya iso inda kake so ka ƙarasa dannawa. Wannan kaɗai zai gyara maka fiye da rabin matsalar.

Sai yawan hoto a daƙiƙa. Canon 2000D uku take yi, Nikon D3500 biyar. Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 kowacce goma take zubawa, don irin wannan aiki aka ƙera su. In aljihu zai ɗauka, ɗayan biyun nan zan ce ka nema. In ba hali, mai biyar ma za ta fitar da kai. Amma kada ka yi rowar katin ajiya, nemi mai alamar V30, domin kati mai nawa yakan sa kyamara ta tsaya tana juye hotuna daidai lokacin da ake cin tsere.

Gudun shata kuwa, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in ka danna, juya zuwa Tv a Canon ko S a Nikon don ka zaɓe shi da kanka. A 1/1000 na daƙiƙa babur zai tsaya cak har ƙurar tayarsa. Ni dai na fi son 1/200, kana juya jiki tare da babur: mahayi ya fito tas, baya ya ja zane, taya tana juyawa. Hoton da ke nuna gudu ke nan. Da farko za ka ɓata da yawa, kada ka karaya.

Ka ware kuɗin gilashi mai jawo nesa, irin 70-300mm. Ka ɗaura shi tun daga gida, kada ka kwance a fili, domin ƙurar hunturu in ta shiga ciki za ta bar ɗigo a kowane hoto. Wajen saye kuma, sa a duba maka adadin hoton da shata ta taɓa ɗauka. 7D Mark II da D500 an auna musu kimanin 200,000.

Don Allah a kwanar hanyar tsere ka tsaya ta ciki, da tazara. Babur in ya zame, waje yake yi, kuma mai ido a taga ba ya ganin abin da ke tahowa ta gefe. Ka tafi da yaro ɗaya ya riƙa duba maka.