Hukuncin zuwa hawan dutse da kallon namun daji a tsaunukan Alps

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zurik, ƙasar Suwizalan. 'Yan ajinmu, maza da mata, sun shirya zuwa gandun dajin gwamnati da ke kusa da garin Zernez, mu hau duwatsu, mu kalli namun daji, mu kwana ɗaya a masaukin da ke cikin tsaunin. Wani ɗan'uwa ya ce haramun ne, wai ba a ɗaura niyyar tafiya sai zuwa masallatai uku. Haka ne? Kuma zan iya yin ƙasaru?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tafiyar ita kanta halas ce, ɗana, kuma da lada in ka gyara niyya.

Hadisin da ɗan'uwanka ya kawo ingantacce ne, amma ya sa shi inda ba muhallinsa ba. Abin da aka hana shi ne nufar wani wuri don a yi ibada a cikinsa, da ƙudurin cewa yana da falala ta musamman, in ba Masallacin Harami da na Madina da na Ƙudus ba. Da a ce kowace tafiya ake nufi, da fatauci ya haramta, da ziyarar dangi ta haramta, kai har zuwanka karatu Turai ma da ya shiga ciki. Babu malamin da ya faɗi haka. Na san abin da masu hanawa suke kafa hujja da shi: labarin da ke cikin Muwaɗɗa, inda Basra ɗan Abu Basra ya karanta wa Abu Huraira wannan hadisi bayan Abu Huraira ya dawo daga dutsen Ɗuri. Sai su ce ai ga dutse nan an hana zuwa. To Ɗuri wane dutse ne? Inda Allah ya yi magana da Annabi Musa ne, wurin da ake nufa don albarkarsa. Kai kuwa wace albarka kake nema a dutsen Suwizalan? Awakin dutse masu dogayen ƙahoni za ka gani, da bareyi, da mikiya. Ka gaya masa cikin ladabi, kada ya zama gardama.

Inda na tsaya a tambayarka shi ne batun kwana a masaukin. Irin waɗannan masaukai na kan dutse galibi ɗaki ɗaya ne babba, shimfiɗa kusa da shimfiɗa, maza da mata a haɗe. Wannan bai halatta gare ka ba, ko da kowa zai ce maka al'adarsu ce. Ka tambaya tun kafin ka biya kuɗi. In za a samu ɗakin maza zalla, madalla. In babu, ka yi yawon yini ka sauko ka kwana a gari. A hanya ma ka kasance cikin ayari, kada ka keɓe da wata.

Ƙasaru kuwa, nisan ya wuce kimanin kilomita 80 da ake yin ƙasaru a kai, nesa ba kusa ba. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta shi ga mai tafiyar wasa da sharholiya, amma mai neman lafiyar jiki da lura da halittar Ubangiji ba ya cikinsu a ganina. Ka yi ƙasarunka. Sai dai kada ku tashi ranar Juma'a bayan rana ta karkata, ba ka sallata ba.

Wannan gandu tun 1914 aka kafa shi, dokokinsa kuma masu tsauri ne: ba a sauka daga hanyar da aka shata, ba a hura wuta, ba a tsinkar ko fure ɗaya. Da amana ka shiga ƙasarsu, cika ta wajibi ne a kanka. Saboda haka ka yi sallarka a wuraren hutawa da suka ware, kada ka kutsa cikin ciyawa da sunan neman wurin sujada. Ka tafi da ruwan alwala a gora. In sanyi ya kai ga cutarwa, ka yi taimama a kan dutse.

Sannan dutse ba ya son ganganci. Hadari kan taso a can cikin ɗan lokaci. In jagora ya ce a juya, ka juya. Guzurinka ka tanada daga gida, domin ana iya samun naman alade a abincin masaukan nan. Kuma ka sanar da mahaifiyarka kafin ka tafi. In ka ji hankalinta bai kwanta ba, ka haƙura da tafiyar.

Wallahu a'alam.